Ranar da Laimar Sarki Jayaketu Ta Faɗi

An yi wani sarki can ƙasar Hindu, tun kafin a san bindiga, sunansa Jayaketu, mai mulkin birnin Somagar. Irin mutumin nan ne da in ya yi wata uku bai ƙona garin wani ba sai ciwon kai ya kama shi. Shekara goma sha tara ya yi yana sarauta, sha bakwai daga ciki a bayan giwa ya yi su. Ya ci ƙasashen kudu har bakin teku, ya juyo arewa yana rushe ganuwa yana cinna wa shinkafa wuta a gona, duk garin da ya ci kuwa sai ya kafa dogon dutse a rubuta sunansa, ko da bai bar mai karantawa da rai ba.

To, mutanen nan suna da al'ada biyu a yaƙi. Ta farko, sarki yakan hau giwar da ta fi kowace tsawo, a ɗaga masa farar laima, muddin mayaƙa na hango laimar sun san yana raye, sai su yi ta sara. Ta biyu, mai jan giwa yakan rataya doguwar ƙusa da guduma a ƙugunsa, domin in giwa ta haukace ta juyo kan mutanenta, doka ta ce ya kafa mata ƙusar a ƙeya nan take, ko wa ke bisanta.

Wata shekara Jayaketu ya ƙetare babban kogi da mutum dubu arba'in zai ci birnin Bandagar. Ana tsakiyar gwabzawa, har nasara ta fara leƙowa, sai kibiya mai wuta ta shige kunnen Nila, giwar sarki. Ta yi wata irin ƙara, ta juyo tana tattaka dogaran sarki kamar mai kirɓa ƙasar gini. Mai janta, wani baƙin tsoho da ake kira Bairu, ya yi lallashi, ya yi tsawa, ba ta ji ba. Sai ya ciro ƙusa ya buga. Giwa ta durƙushe, sarki ya wuntsulo ya karya cinya, laima ta faɗi cikin taɓo.

Shi ke nan. Na baya suka duba ba laima, wani ya ce sarki ya mutu, kowa ya zubar da mashi ya nufi kogi. Dubu goma sha ɗaya ba su koma gida ba, akasarinsu ma ruwa ne ya ci su, maƙiya ba su sha wahalar komai ba. An yi kwana ashirin masunta ba su jefa taru ba.

Da aka dawo da sarki Somagar a kan makara irin ta masu rai, sai ya tara fada, aka kawo Bairu cikin sarƙa, aka tsayar da wata giwa a fili wadda aikinta taka kan masu laifi. Sarki ya dubi wazirinsa Madaba, wani siririn dattijo mai sanyin murya, ya ce, "Waziri, ni ban taɓa kashe mutum ba tare da shari'a ba."

Wannan ƙarya ce, amma ko tari ba wanda ya yi.

Ya ce, "Ka gaya mini a gaban jama'a wanda ya kayar da ni. In Bairu ne, ga giwa can tana jira. In ka ce ba shi ba ne, ka nuna mini mai laifin, in ka kasa kuwa, kanka zai je inda nasa zai je."

Waziri ya faɗi ya yi gaisuwa, ya juya wajen ɗaurarre. "Bairu, shekara nawa kana tare da Nila?"

"Talatin da ɗaya, ranka ya daɗe. Tun ba ta kai ƙirjina ba. Matata ma ba ta san ni kamar yadda Nila ta san ni ba."

"Mutum nawa ta taka kafin ka buga?"

"Na kai ashirin na daina ƙirga. Ta nufi inda masu rauni ke kwance."

"Wa ya ba ka ƙusar?"

Bairu ya sunkuyar da kai. "Sarki, da hannunsa, ranar da aka naɗa ni."

Sarki ya ce, "Na ba shi, ban musa ba. Amma ƙusarsa ce ta kayar da laima, laima ta kayar da runduna. Ci gaba."

Waziri ya ce, "Gaskiya ne, Zaki. Sai dai ni mutumin takarda ne, ban san yaƙi ba, ina roƙon a kira mini shaidu waɗanda suka san abin da runduna ke yi in laima ta faɗi. A kira Sarkin Yaƙi Narasa, wanda a yaƙin bakin teku, da iska ta karya laima, ya hau doki ya zaga runduna yana cewa sarki na nan, har aka ci gari."

Sarki ya ce, "Narasa ya mutu."

"Ayya. Tsufa ya fara taɓa ni. Wace cuta ce?"

Sarki ya ce, "Ni na sa aka sare shi. Mayaƙa sun fi kiran sunansa da nawa."

"To a kira ƙanenka Bimaketu, shugaban mahaya dawaki, wanda muryarsa ke kaiwa ƙetaren kogi."

"Waziri, kai ka karanta takardar hukuncinsa ranar da aka jefo shi daga kan ganuwa."

"Haka ne, ranka ya daɗe, na karanta, ban kuwa yi tuntuɓen harshe ba. Saura Tikka, shugaban 'yan baka. Shi kam na san yana raye."

Aka je kurkuku aka jawo Tikka. Shekara huɗu ke nan da sarki ya sa aka ƙona masa idanu da jan ƙarfe, don an ce an gan shi yana dariya da Narasa. Ya shigo yana lalube, ƙato ya koma kamar kara. Waziri ya ba shi labarin abin da ya faru, ya tambaye shi ra'ayinsa.

Tikka ya ce, "Su wa ke riƙe da dama da hagun runduna ran nan?"

Wani bafade ya ce a hankali, "Mai ɗanɗana wa sarki abinci, da surukin sarki mai sayar da turare."

Tikka ya yi wata busasshiyar dariya. "Sun tsira?"

"Su suka fara isowa gida."

"To, madalla, ba a yi asarar turare ba." Ya juya fuskarsa inda yake zaton sarki yake, ya ɗan kauce kaɗan, sai ya zama ginshiƙi yake wa magana. "Ranka ya daɗe, laima takan faɗi, sanda ce da ƙyalle. Abin da ake bukata mutum ɗaya wanda in ya ce a tsaya za a tsaya. Da ka bar mini ido ɗaya, da na tare maka su a bakin kogi."

Sarki ya kai hannu kan takobinsa, fadawa suka fara neman ƙofa da wutsiyar ido. Ya ce, "Wato, Waziri, ni ne."

Madaba ya sake faɗuwa. "Ban faɗa ba, Zaki. Shaidu na kira, biyu ba su zo ba, na ukun ga yadda ya zo. Bairu giwa ɗaya ya kashe, a kan doka, kuma ita ce abin da ya fi so a duniya. In akwai laifi a nan, sarki ya fi ni sanin gidansa. Ga kaina."

Can sarki ya saki takobi, ya ce a kwance Bairu. Ya cire sarƙar zinariya daga wuyansa ya rataya wa waziri, ya ba shi garuruwa bakwai, ya ce daga yau ba wanda za a kashe a Somagar sai Madaba ya saurare shi. Ya sa aka kawo wa Tikka kujera kusa da tasa. Tikka ya shafa ta ya zauna, ya ce tana da taushi, sauran kyanta kuwa sai dai a ba shi labari.

Aka tambayi Bairu abin da yake so. Ya ce shi dai a bar shi ya koma bakin kogi ya tattara ƙasusuwan Nila ya binne, kada kuraye su gama watsa su. Aka ba shi keken shanu, ya fita ta ƙofar gari, ya ratsa ta cikin matan da har ranar suke zaune suna jiran mazan da ba za su dawo ba. Ba wadda ta zage shi.

Masu hankali na ƙasar suka ce, adalcin sarki yana farawa ne daga ranar da ya yarda a nemi mai laifi har kan gadonsa na sarauta, in kuwa ya makara, rai ɗaya zai ceta, sauran sai dai ya ƙirga kaburbura.