Dila da Tayin Jatau

Ga ta nan, ga ta nanku, yau da ƙafa huɗu ta zo.

Ta zo mu ji ta, ta wuce ta bar mu lafiya.

To ku matso, amma kada wanda ya zauna mini a kan ƙafa. Wanda bai gama cin tuwonsa ba ya gama, don tatsuniyar nan a kan tuwo take, ba na so a saurare ta da loma a baki.

Wani manomi ne wai shi Jatau. Gonarsa ce ta ƙarshe, daga ita sai daji. Mutumin kirki ne, ba mai cewa ga aibinsa, sai dai abu guda: ba ya iya haɗiye loma in ido na kallonsa.

Kullum in rana ta take, matarsa Tasalla kan kawo masa abinci gona, akushi a ka, 'yarsu Lantana a baya. Lokacin Lantana ta fara tafiya, tana yi tana faɗuwa. Sai su zauna a gindin ɗorawa. Duk wanda ya gifta, mai itace ne ko makiyayi, Jatau zai ɗaga murya ya ce, "Bismillah!" Shi kuma ya amsa, "Alhamdulillahi, a ci lafiya," ya wuce abinsa. Kun dai san yadda ake yi. Mai tayi ya fita kunya, wanda aka yi wa tayi ya riƙe mutuncinsa, tuwo kuma yana nan inda yake.

Ashe duk abin nan Dila na laɓe cikin ciyawa yana kallo. Ya kalla yau, ya kalla gobe, sai ya riƙe baki ya ce, "Ashe haka mutane suke? Abinci na kiransu suna cewa sun gode?"

A lokacin Dila na da tsoron mutum irin wanda ya gada. Ko tari ya ji, ƙafafunsa ba sa shawara da shi. Amma yunwa ta ci ƙarfinsa. Ran nan ya hau kan wani suri can nesa, inda ko jifa ba zai kai ba, ya zauna ya naɗe wutsiya, jikinsa na ɓari.

Ya ce, "Sannu da aiki, Malam Jatau."

Jatau ya ɗaga kai, loma a hannu. Ya kai ta baki, ta ƙi shiga. Ya ce, "Yauwa sannu. Bismillah."

Dila ya ce, "To, tunda ka matsa."

Ku ji fa! Wa ya matsa masa? Amma magana ta riga ta fita. Jatau ya gutsuro tuwo, ya dangwali miya, ya wurga masa. Dila ya cafe ya shige daji.

Tasalla ta ce, "Malam, wannan fa ba baƙo ba ne, naman daji ne."

Jatau ya ce, "Haba Tasalla. Ya gaishe ni da sunana, in yi masa rowa?"

Kashegari Dila ya dawo. Bai tsaya kan suri ba, ya sauko bakin kunyoyi.

"Sannu da aiki, Malam Jatau."

"Yauwa sannu. Bismillah."

"To, tunda ka matsa."

Haka aka yi ta yi. Daga bakin kunyoyi ya matso tsakiyar gona. Daga tsakiyar gona ya matso bakin inuwa. Daga bakin inuwa sai ga shi a gefen tabarma, har yana tambayar me ya sa yau miyar ba daddawa sosai. Ɓarin nan da jikinsa ke yi ya tafi, bai ma san ranar da ya tafi ba. Wuyansa ya yi kauri, gashinsa na sheƙi.

Tasalla ba tuwon ne ya dame ta ba. Lantana ce. Da can yarinyar ko akuya ta gani sai ta ƙanƙame uwarta. Yanzu kuwa da ta hango Dila sai ta ƙyalƙyale da dariya, ta dumbuzo tuwo ta nufe shi, tana cewa "ungo, ungo." Ta kai ga duk abin da ta gani mai ƙafa huɗu binsa take da hannu a miƙe. Wata rana ma a bakin daji Tasalla ta cafo ta, tana neman abokinta.

Tasalla ta ce, "Malam, shi ya daina tsoronmu, ita ta daina tsoronsa. Ni wannan ne ke hana ni sukuni."

Jatau ya ce, "Ai zumunci ke nan."

Ni kam Jatau haushi yake ba ni a nan, duk da ina sonsa. Akwai kirkin da mai shi ke jin daɗinsa, wani dabam ke kwana da fargabarsa.

Ana nan, ran nan Dila na komawa daji yana gyatsa, sai ya ji an danne masa wutsiya. Ya waiga, sai ga Kura, haƙarƙarinta duk a waje don yunwa.

Ta ce, "Kai ɗan nan, kowa a dajin nan ya rame, kai ina ka samo wannan wuya?"

Ya ce, "Kumburi ne, Gwaggo, ba ni da lafiya."

Ta ce, "To bari in ɗanɗana kumburin in ji."

Da Dila ya ga haƙora sun matso, sai ya zazzage mata komai: ga gona, ga ɗorawa, ga mutumin da ba ya iya cin abinci shi kaɗai. Kura ta ce maza ya kai ta ta gani da idonta. Suka lallaɓa bayan suri suka leƙa. Jatau na noma, Tasalla na tattara kwanuka, Lantana na bin fara tana faɗuwa.

Kura ta ce, "Me ake ci?"

"Tuwon dawa da miyar kuka. Wata rana har da man shanu."

Kura ba ta ma ji shi ba, idonta na wani wuri. Ta ce, "Waccan 'yar mai tafiya kamar agwagwa fa? Ita ma tana cikin tayin?"

Dila ya girgiza kai. Ya ce, "A'a Gwaggo, wannan 'yar masu gida ce."

Ta ce, "Na ga ba ta gudu. Gobe da rana ka kawo ni. In ba ka kawo ni ba, kai ne tuwon, kai ne miyar."

Dila ya koma raminsa, tunani ya hana shi sakat. Kada ku ɗauka tausayi ya fara zuwar masa, Dila ne fa. Kansa ya fara tunawa. In Kura ta ɗauki yarinyar nan, gari zai fito da karnuka da wuta, kuma ba wanda zai tsaya tambayar wa ya ci, wa ya nuna hanya. Duk mai wutsiya a dajin nan ya shiga uku.

Sai kuma wani abu ya faɗo masa, wanda ya fi wancan nauyi. Jiya-jiyan nan, da Lantana ta miƙo masa tuwo, 'yan yatsunta na ƙanshin man shanu, ya ji yawunsa ya tsinke. Kuma ya san ba don tuwon ba ne. A lokacin ya kawar da kai ya ce zafin rana ne. Yanzu da ya ji maganar a bakin Kura, sai ya gane tambayar da ta yi da ƙarfi, cikinsa ya daɗe yana yin ta a hankali. Da can tsoro ne ke tsare shi a kan suri. Yanzu ba abin da ke tsakaninsa da yarinyar sai ƙoshi, ƙoshi kuwa na yini ɗaya ne.

Kashegari rana ta take, ya zo da Kura har bayan suri. Ya ce, "Gwaggo, mutane suna da tsari. Babba ba ya fara shiga. Ki jira nan, in je in yi miki iso."

Kura ta ji an ce babba, ta gyara zama.

Dila ya ƙarasa gindin ɗorawa. Ya ce bari ya fara da gaskiya, ko da yake bai saba da ita ba.

"Malam Jatau, yau fa ba ni kaɗai ba ne. Da gwaggota nake, kuma cinta ba irin nawa ba ne."

Jatau ya washe baki ya ce, "Madalla! Ka ce ta ƙaraso mana. Tasalla, ƙaro miya."

Dila ya ce a ransa, wannan mutum kirki zai kashe shi. Sai ya tsoma kai gaba ɗaya cikin akushi, ya fito da miya har kunne.

Jatau ya ce, "Ba komai, yunwa ce."

Dila ya sa ƙafa ya shure ƙwaryar fura.

Jatau ya ce, "Ba komai, tsautsayi ne."

Can bayan suri Dila ya hango kunnuwan Kura sun ɗago, haƙurinta ya fara ƙarewa. Ga Lantana kuma ta taso, hannu a miƙe, "ungo, ungo," ta baro tabarma. Dila ya dubi akushin nan, kallon ban kwana. Sai ya kwantar da kunne, ya yage baki, ya yi wani gurnani da bai taɓa yi a gonar ba, ya cafki bakin rigar yarinyar ya ja.

Zan gaya muku abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Da ɗumin jikinta ya bugi hancinsa, na ɗan lokaci shi kansa bai san ko wasa yake ba.

Tasalla ba ta tsaya salati ba. Ta yi tsalle ta fizge 'yarta, rigar ta yage a bakin Dila. Ta ɗora ta a kafaɗa, can sama. Ba ta juya baya ba, ba ta gudu ba, don ta san abin daji in ka gudu ka ce masa bi ni. Ta tsaya ƙyam tana kallonsa ido cikin ido, ta ɗauki murfin kwano tana buga shi a jikin ɗorawa, tana kururuwa da iyakar muryarta. Ta sa ƙafa tana watsa masa ƙasa.

Jatau kuwa, da ya ji kukan 'yarsa, sai ga wani Jatau da ba a taɓa gani ba. Ya zari fartanya ya yi kan Dila. Maƙwabtan gona suka jiyo, suka fito da sanduna da hogen ƙasa, ana ihu ta ko'ina. Wani hoge ya sami Dila a ƙugu, ya ji ƙafafunsa sun tuna aikinsu na da. Ya miƙe sak sai bayan suri.

Kura ta ce, "An ce in shigo?"

Ya ce, "Ki zauna, Gwaggo, don girmanki har nan za su kawo miki!"

Ya wuce fuu. Kura ta leƙo tana lasar baki, sai ta yi arba da tayin, kowa da nasa a hannu. Ta sha na Jatau, ta sha na maƙwabta, ta sha na wani ma da bai san me ake yi ba, ya dai ga ana duka. Da ƙyar ta kai daji. Da ta tare Dila daga baya, ya ce mata, "Ni ma kin ja mini, Gwaggo. Tun da nake zuwa ba su taɓa yin haka ba, sai da suka ji warinki." Kura ta sunsuna jikinta. Ba ta sake bin hanyar gonar ba.

Daga ranar Tasalla ba ta ƙara barin ko ɓarɓashin tuwo a gona ba, kwanukanta a gida take wankewa. Lantana kuma ba ta sauka daga baya sai in hannun wani na kusa. Ko kare ta hango sai ta tsandara kuka. Abin ya dami Jatau, ya ce an ɓata wa yarinya zuciya. Tasalla ta ce, "Bar ta ta yi kukan, Malam. Ina jin sa, na san tana nan."

Kwanaki suka shuɗe. Ran nan rana ta take, an buɗe akushi, Jatau ya yanko loma. Ya ɗaga kai, sai ga Dila can kan suri, inda ya fara zama. Wuyan ya zube, gashin ya dushe. Bai ce sannu da aiki ba, yana dai zaune yana kallo.

Jatau ya kai loma baki, ta ƙi shiga. Ya dubi Tasalla, ta ɗaure fuska. Ya dubi Lantana, ta cusa kai a jikin uwarta. Ya san bai kamata ba. Amma Jatau ne, haka Allah ya yi shi. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Bismillah."

Iska ta kwaso ƙanshin miyar kuka da man shanu ta kai har kan suri. Cikin Dila ya yi ƙugi, har daga gindin ɗorawa ana ji. Ya daɗe yana kallon akushin, sannan ya kalli yarinyar.

Ya ce, "Alhamdulillahi. A ci lafiya."

Ya sauka ta bayan suri ya shige daji. Jatau ya haɗiye lomarsa, idonsa ya ciko da ƙwalla.

Kada ku tambaye ni ko kirki ne ya sa Dila ya faɗi haka ko tuna hogen nan ne, ni ma ban sani ba. Mai yiwuwa shi ma bai sani ba. Abin da na sani, har yau in kun haɗu da shi a bakin daji, zai yi nisa, ya tsaya, ya waigo yana kallonku. Ku bar shi da nisansa, da wahala ya same shi.

Ƙurunƙus kan Dila, da miya har kunne. Ku yi ta tayi, tayi ba laifi ba ne. Amma duk wanda kuka ce wa bismillah ya ce "tunda ka matsa," ku leƙa ku duba ƙafafunsa. In huɗu ne, ku ɗauki ƙanwarku tukuna, sannan akushi. In biyu ne kuwa, to kawunku ne, sai haƙuri.