Ranar da aka karanta wa Malama sirrinta

'Yan wannan shafi, ku matso ku ji abin takaici.

Akwai wani gwanin kwamfuta da kowa ke kira Injiniya. Gwamnati ta ɗauki nauyin wani bincike a cibiyar da yake aiki. Aka ce su haɗa manhajar da za ta riƙa bin wayoyin jama'a, ta san da wa kake hira da inda kake zuwa, sannan ta ware waɗanda take ganin masu tayar da zaune tsaye ne.

Wata abokiyar aikinsa ta ce, "Injiniya, mutanen nan fa ba su ba mu izinin leƙa musu waya ba."

Ya kwashe da dariya. "Wanda bai yi laifi ba, me zai ɓoye? Ke dai tsoro ya yi miki yawa."

Yayarsa malamar firamare ce, ita ta riƙe shi har ya gama karatu. Bangon ajinta ya tsage, har hannu yana shiga. Ta kai ƙorafi ta gaji, sai ta buɗe guruf a waya ta tara iyayen yara don a haɗa baki a yi magana.

Manhajar ta cafko ta.

Aka kira ta wani ofis mai dogon benci. Wani mutum ya karanto mata saƙonninta, har waɗanda ta tura wa mijinta. Sannan ya ɗago kai ya ce, "Malama, me ke kai ki wurin likitan ƙwaƙwalwa?"

Tun da jaririnta ya rasu take ganin likitan, kuma daga ita sai mijinta suka sani. Kafin mako ya zagayo zancen ya isa makaranta. Aka dakatar da ita, wai ba a barin mara lafiya da yara. Iyaye suka yi ta ficewa daga guruf ɗin.

Injiniya ya faɗa ofishin shugaban cibiyar ko sallama babu.

"Ranka ya daɗe, kuskure aka yi! Yayata ce!"

Shugaban ya ce, "Au, dama manhajar tana kuskure? Sai yau da ta shiga gidanku?" Ya juyo masa da kwamfutarsa. "Af, da safe ka rubuta wa matarka cewa aikin nan ya fara ba ka tsoro. Mu yi maganar yanzu, ko sai ka huce?"

Ya fito, ya nufi gidan mahaifiyarsu, inda Yaya take zaune tun da abin ya faru. Ya durƙusa yana ba ta haƙuri.

Ta dube shi ta ce, "Auta, ni da nake da ƙane a ciki, ga yadda aka yi da ni. Waɗanda na tarar jere a bencin nan fa, wa suke da shi?"

Bai kai ga amsawa ba ya ji muryar mahaifiyarsu daga tsakar gida, tana ce wa jikokinta ƙasa-ƙasa, "Ku kama bakinku, kawunku ya zo."

Darasi: Mai rufa sirrinsa ba mai laifi ba ne, mutuncinsa yake karewa. Duk wanda ya yarda a leƙa rayuwar wasu ba da izininsu ba, ya sani na gidansa ma ba su tsira ba. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu cewa ba su da abin ɓoyewa.