Haihuwar Janairu

Da Alhaji Bawa mai gidan burodi ya kamu da duban taurarin Turawa a waya, sai ya kira Jatau mai gasa masa burodi.

"Taurari sun ce duk haihuwar Janairu asara yake jawowa. Kai kuma haihuwar Janairu ne. Ka ƙaryata su yanzu, ko ka bar min aiki."

Jatau ya tuna 'ya'yansa bakwai, ya durƙusa.

"Wane ni in ƙaryata taurari? Sai dai, ranka ya daɗe, a garinmu wa ya san ranar haihuwarsa? Akawu ɗaya ya rubuta mana ɗaya ga Janairu, har da kai. Wa zai fara fita?"

Alhaji ya ciro katinsa na shaida, ya duba, ya mayar aljihu.

"Tashi, kada burodi ya ƙone."