Shugaban da Ya Hana a Ce A'a

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani mutum, shugaban wata ma'aikata da ke ɗauko marasa lafiya a jirgi mai saukar ungulu. Ba ya sata, ba ya shaye-shaye. Cutarsa ɗaya: bai yarda da kowa ba. Ko gaishe shi ka yi, sai ya tsaya tunanin me ka zo nema.

Wurin yana da wata doka. Mutum uku ke shiga jirgin: matuƙi, likita da nas. In sama ta ɓaci, ko ɗayansu ne ya ce a'a, an fasa tafiya, kuma ba a tambayarsa dalili. An yi haka ne don kada kunya ta kai mutum inda hankalinsa ya ƙi.

Shugaban nan bai soke dokar ba, wayonsa ya wuce nan. Tambaya kawai ya shigo da ita. In nas ta ce a'a, sai ya kira ta ofis, ya rufe ƙofa, ya leƙa taga. "Wannan ɗan gajimaren? Ko dai biki gare ki yau?" Matuƙin ƙanin matarsa ne, shi ma bai tsira ba. "In ce ko ba baki kuka haɗa da likita ba?" Tun suna rantsuwa har suka gaji. Hira ta mutu a ɗakin hutunsu, kowa na zargin na kusa da shi ke kai gulma.

Ran nan da hantsi aka kira su, mota ta kife da wani a bayan duwatsu. Hadari ya haɗu, ko kan dutsen ba a gani. Su ukun suka tsaya gindin jirgi. Matuƙi ya dubi likita, likita ya dubi nas, nas ta sunkuya tana gyaran jakar magani. Kowa na jiran wani ya ce a'a. Shugaba kuwa na tsaye a taga, ya harɗe hannu.

Suka tashi. Ba su kai ba, ba su dawo ba.

A zaman makoki shugaban yana ta cewa, "Ni ban tilasta wa kowa ba." Sai matarsa ta ɗago ta ce, "Ƙanina ya kira ni kafin su tashi. Ya ce, Yaya, sama ba kyau, amma in na ƙi, mijinki zai ce ƙarya nake." Daga gidan makokin ba ta koma ɗakinta ba. Sauran matuƙa suka ce ba su ƙara tashi a ƙarƙashinsa, aka sallame shi.

To, wa ya tura su? Bai ce ku tafi ba, amma wa ya ɗaure musu harshe? Zato zunubi ne, jama'a, kuma ba mai shi kaɗai yake ci ba. Kai mai gida, kai shugaba, in na ƙasa da kai ya ce yana tsoro, ka yarda da shi.

Allah ya wanke zukatanmu daga mugun zato, ya kiyaye mu da ɗaukar alhakin rai. Amin.