Ranar da Malam Isiyaku Ya Shiga Rijiya

Ku gyara zama ku ba ni kunnuwanku, domin wannan labari ba a jinsa a watse, sai an yi gardama a kansa.

A wani gari da ake kira Tudun Kanya an yi wani malamin sakandare, Malam Isiyaku, mai koyar da fasaha. Ɗakin gwajin da aka ba shi ba kome a ciki sai tebur da wani zarto mai tsatsa, don haka da abin da ya tsinta yake koyarwa: karan dawa, igiyar guga, tsohon gargaren keke. Yakan sa yara su ɗaure kara huɗu baki da baki su danna su ga ya karkace, sannan su ɗaure uku haka su ga ya tsaya kyam. Yakan sa ƙaramin yaron ajin ya ɗaga buhun yashi da igiya da gargare, ƙarfafan suna kallo. Yawancin ɗalibai wasa suka ɗauki abin. Uku ne a ajin ƙarshe suke tsayawa bayan an tashi suna damunsa da tambaya: Haladu, ɗan manomi mai shiru-shiru, da Tasi'u wanda hannunsa ba ya zama wuri ɗaya, da Kuluwa 'yar maƙerin garin.

A daminar shekarar rijiyar makarantar ta zube ta gefe guda, ƙasa ta danne bututun famfo. Ga jarrabawar fita ta matso, ga yara suna ƙare safiyarsu wajen ɗebo ruwa a rafi. Aka aika wa Baba Mati mai haƙar rijiya, ya ce a bari ƙasa ta tsane tukuna. Malam Isiyaku ya kasa jira. Shi ne mutumin da ya sha gaya wa ɗalibansa cewa ba a shiga rami mai zurfi sai an gwada iskarsa, an kuma tokare bangonsa. Amma ran wata Asabar da hantsi ya ce wa ransa ai aikin ɗan lokaci ne, ya ba maigadi igiya ya riƙe, ya sauka.

Bai gama tone bututun ba bangon ya sake zubowa. Ƙasa ta binne shi har ƙugu, wani ƙaton dutse ya kwanta a kan ƙafarsa ta dama. Ya ji maigadi yana ihu, ya ji gudun mutane. Da ya ɗaga kai sai ya ga bakin rijiyar kamar faifai, kawuna sun kewaye shi, ƙasa tana zubo masa a fuska. Ya san abin da hakan ke nufi. Ya buɗe baki zai ce su ja baya, murya ta ƙi fita, kansa ya yi nauyi, wani irin barci ya fara fizgarsa.

Haladu ne ya fara isowa daga gona, da fartanya a kafaɗa. Bai leƙa rijiyar ba, ƙasa ya duba, ya ga tsaga tana buɗewa a bayan ƙafafun mutane. Yaron da ba a taɓa jin ya ɗaga murya gaban manya ba ya shiga tsakiyarsu yana cewa, "Don Allah ku ja baya, nauyinku ne zai binne shi." Wani dattijo ya kira shi marar kunya, bai fasa ba. Ya ja layi da fartanya nesa da bakin rijiyar ya hana kowa tsallakewa. Ya sa aka ciro ƙofofin azuzuwa, ya shimfiɗa wasu a ƙasa domin nauyin mai aiki ya bazu, ya zura biyu a jikin bangon da ya jiƙe, ya tokare su da guntayen azara. Ƙasar da ke zuba ta tsaya.

Samari suka fara cire riguna za su sauka. Kuluwa ce ta tare su, domin ta lura ana ta kiran Malam ba ya amsawa. Ta kunna fitilar ƙwai ta ɗaura a igiya ta zura, tun ba ta kai ƙasa ba wutar ta mutu. Ta ce musu iskar da ta kashe fitila za ta kashe mutum, duk wanda ya sauka sai an ɗauko gawa biyu. Ta ruga maƙerar mahaifinta ta ɗauko zugazugi, ta karɓo dogon tiyo wajen masu lambu, ta haɗa su ta ɗaure da robar taya, ta zura bakin tiyon har kusa da fuskar Malam. Ta durƙusa tana zugawa har hannuwanta suka yi bororo. Abin da Malam Isiyaku ya fara ji da ya farfaɗo shi ne wata iska mai sanyi tana bugun kuncinsa, tana warin gawayi. Da aka sake zura fitilar, ta ci gaba da ci.

Sai a lokacin Baba Mati ya yarda ya sauka. Ya tone ƙasar har gwiwa, amma dutsen ya ƙi motsi. Ƙarti suka ce a ɗaura masa igiya su ja. Tasi'u ya hana, ya nuna musu igiyar za ta yanki bakin rijiyar ta rusa duk abin da Haladu ya tokare. Ya sa aka kawo dogayen azara uku, ya haɗa kawunansu ya ɗaure a saman rijiyar, ya kafa ƙafafunsu can nesa inda ƙasa take da ƙarfi. Ya ciro gargaren babur biyu daga wajen bakanike, ya rataya ɗaya a sama, ya aika ɗaya ƙasa aka ɗaura wa dutsen, ya zagaya igiya a tsakaninsu yadda nauyin zai rabu. Daga cikin rijiyar Malam yana jin muryarsa yana cewa a ja a hankali, a tsaya, a ƙara. Dutsen ya ɗaga, aka zare ƙafar, da wannan igiyar aka fito da Malam Isiyaku da ransa.

Ransa kawai aka samu. A asibiti aka yanke ƙafar, bayansa kuma bai sake miƙewa ba. Bai koma aji ba, ba a kuma turo wani malamin fasaha ba, aka sa wa ɗakin gwajin kwaɗo. Kullum yana kwance a zauren gidansa yana jin ƙararrawar makaranta, yana tuna cewa da ya jira Baba Mati ɗan lokaci kaɗan, da yanzu yana tsaye gaban allo. Masu zuwa gaisuwa suna cewa koyarwarsa ce ta cece shi, shi kuwa maganar ƙara ƙona masa rai take yi, domin yaran sun riƙe abin da ya koya musu, shi ne ya saki.

Ana nan wani abokinsa na makaranta, Injiniya Bawa mai gina gadoji, ya zo duba shi. Da ya ji yadda aka yi, ya ce Malam ya zaɓa masa ɗaya daga cikin yaran, zai ɗauki nauyin karatunsa har ya zama injiniya. Malam ya roƙe shi ya ɗauki ko da biyu ne. Injiniya Bawa ya ce ga nasa 'ya'yan, ga marayun ɗan'uwansa, ɗaya ne iyakar ƙarfinsa, kuma zai dawo jin amsa bayan an gama girbi.

Duk ukun sun ci jarrabawa, ba kuma wanda gidansu zai iya kai shi gaba. Haladu gona ke jiransa, domin mahaifinsa ya tsufa. Tasi'u wani kawunsa ya riga ya yi masa maganar zuwa kudu yin acaba. Kuluwa kuwa za ta zauna sayar wa mahaifinta fartanyoyi ranar kasuwa. Malam ya kira su ya gaya musu abin da Injiniya Bawa ya ce. Ba wanda ya ce a ba shi, ba kuma wanda ya ce ya haƙura. Sai Kuluwa ta ce, "Malam, kai ka san mu. Duk abin da ka yanke mun karɓa." Da suka fita ya juya fuskarsa bango ya yi kuka, domin da yana da ƙafafunsa, da ya bi ofis-ofis har ya sama wa ukun wuri.

Ya juya maganar ta kowace fuska. Ba don Haladu ba, da rijiyar ta rufe a kansa kafin a yi kome. Ba don Kuluwa ba, da gawarsa za a tarar a cikin ramin da aka tokare. Ba don Tasi'u ba kuwa, da yana can ƙarƙashin dutsen yana shan iska har ƙarfinsa ya ƙare. An yanke gero, an ɗaure dawa, yara sun zo sun ce sun hango motar Injiniya Bawa ta shigo gari, Malam Isiyaku bai tsai da suna ba.

To, ku da kuke zaune, da a bakinku maganar take, sunan wa za ku kira: Haladu, ko Kuluwa, ko Tasi'u?