Sarki da Mai Maganin Kaji

Yaya Rakiya, yau dai abin ya shiga kaina! Darasin nan na hanyoyin bincike, wato lura, jin ra'ayi da gwaji, wanda ya hana ni sakat, na mayar da shi hikaya, Malama ma ta ce ni zan faɗe ta gaban 'yan makaranta. Ajiye tsintsiyar nan ki ji.

An ce wani sarki ne annoba ta faɗa wa kajin garinsa, har zabinsa na fada suka fara zubewa. Da ya sa ido, sai ya lura duk gidan da Gwaggo Tabawa mai maganin kaji ta shiga, a nan mushe ya fi yawa. Ransa ya ɓaci, ya ce a kore ta daga garin.

Don kada a ce ya yi zalunci, ya tura Waziri ya ji ra'ayin jama'a. Waziri ya tsaya ƙofar fada, dogarai na bayansa, yana tambayar masu wucewa. Kowa ya ce ai ita ce.

Akwai wani dattijo masani, Malam Sidi, ya duƙa ya ce, "Ya sarki, duk inda gobara ta tashi ana ganin masu tulu a guje. Su ke kunna ta?"

Sarki ya ce, "A'a, kiran su ake yi."

"Ita ma ba a kiran ta gidan da kaji ke lafiya."

"To, bakin jama'a fa?"

"Allah ya ba ka nasara, wanda aka tambaya gaban bulala, bulalar yake ba amsa."

Sarki ya gyara zama, ya ce, "To yaya za a yi?"

"A gwada. A raba zabinka marasa lafiya gida biyu, rabi su sha maganinta, rabi ruwa zalla."

Sarki ya miƙe zai zaɓa da kansa. Malam Sidi ya ce, "Ya sarki, zuciyarka ta riga ta yanke hukunci, hannunka kuwa bawanta ne. Galabaitattun za ka tura mata. A jefa ƙuri'a."

Aka jefa, aka raba akurki, hatsi iri ɗaya, inuwa ɗaya. Gwaggo Tabawa na gefe da ƙullin kayanta a ka, tana jiran kora.

Bayan 'yan kwanaki sarki ya buɗe akurkin da hannunsa. Masu shan ruwa yawanci sun mace, masu shan magani kuwa har tsere suke yi kan tsaba. Sai ya je da kansa ya sauke mata ƙullin, ya ce, "Gwaggo, yafe mini. Ido na gani, baki na faɗa, amma adalci sai an gwada."

Ranar Juma'a zan faɗe ta. Don Allah Yaya, kada ki gaya wa kowa tukuna, ko da Umma ce!