Ragon Layyar Haladu

An yi wani mutum a wani gari, tun zamanin kakanninmu, sunansa Haladu. Wani bawan Allah ne, ba malami ba, ba attajiri ba, sai dai Allah ya ba shi hannun gashi. In ya haɗa wuta a tsakar gidansa ya jera nama a kan waga, ya barbaɗa yaji da garin ƙuli-ƙuli, wallahi mai wucewa sai ya rage sauri. Duk mai biki ko suna a unguwar, shi ake kira.

Yana da rago guda ɗaya tak, yana ta kiwonsa saboda layya. Matarsa Tabawa har tsiya take masa, wai ya fi kula da ragon nan a kanta.

To, ku saurara. Maƙwabcinsa Nomau ya daɗe yana neman haihuwa, har furfura ta fara fito masa, sannan Allah ya ba shi ɗa namiji. Ya kukkuta ya sayi ragon suna. Ranar suna da sassafe ya aika aka kira Haladu, ya ja shi bayan rumbu. Ga rago a kwance, igiya ta naɗe masa wuya, ya shaƙe ya mutu. Mushe ke nan, jama'a, kuma ga mutane sun fara shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida.

Nomau ya ce, "Haladu, ka rufa mini asiri. Jikinsa da ɗumi. Ka sa masa wuƙa mu ce mun riga mun yanka, ka cika yaji, hayaƙi ya rufe sauran. Wa zai sani?"

Haladu ya ce, "Maƙwabci, mai jego ce za ta fara ci, kuma ita za ta shayar da yaron. Ɗan da ka yi shekaru kana roƙon Allah, da mushe za ka tarbe shi?"

Nomau ya durƙushe yana kuka. "To yaya zan yi? In fita in ce wa surukaina ba rago?"

"Ɗauko fartanya ka binne wannan. Ina zuwa."

Ya shiga gidansa ya kwance ragon layyarsa. Tabawa ta tare shi. "Malam, ina za ka kai shi? Sallah fa ta ƙarato!"

"Tabawa, ki yi haƙuri. Akwai wanda ya fi mu buƙata yau. Kuma kada ki tambaye ni ko wane ne."

Ta dube shi, ta dubi katangar Nomau, ta gane. Baiwar Allah sai ta matsa ta ba shi hanya. Ta bayan gida ya bi da ragon, ba wanda ya gan shi.

Aka yanka rago halal a gaban liman. Haladu ya feɗe, ya gasa balangu, ya ware wa mai jego tsoka mai laushi, sauran ya yi mata banda yadda zai daɗe bai lalace ba. Mata suka fito da waina da miyar taushe, aka yayyanka albasa, kowa ya ci yana santi. Amma kafin nan, da liman ya sunkuya ya tambayi uban yaro suna, kowa ya ɗauka sunan kakan yaron zai sa. Sai aka ji sanƙira ya ɗaga murya: "Sunan yaro Haladu!" Dangi suka dubi juna, don babu Haladu a zuriyarsu. Shi kuwa mai sunan yana bakin wuta, ko kai bai ɗago ba.

Na ga wasunku sun gyara zama, kuna jira in ce washegari ya tsinci tukunyar zinariya. A'a! Sallah ta zo, Haladu bai yi layya ba. Ya wuni yana gasa naman mutane, wasu har zolayarsa suke: "Ina ragon nan da ake ta yi mana kuri da shi? Ko an sayar an ci?" Sai ya yi murmushi ya juya nama. Abin ya yi masa zafi, ai mutum ne, amma har ya koma ga Allah bai taɓa buɗe baki ba. Daga bakin ƙaramin Haladu labarin ya fito, don uwarsa ta gaya masa dalilin sunansa.

Jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi. Ƙin haram wajibi ne, amma da yawanmu in mun ƙi, sai mu bar ɗan'uwa cikin kunyarsa, mu kuma zaga gari muna ba da labari. Haladu ya ƙi haram, ya fitar da maƙwabcinsa kunya da abin da ya fi so, sannan ya ja bakinsa ya yi shiru. Kai mai gashi, ke mai girki, abin da kuka sa a wuta amana ce, don masu ci ba su ga yadda aka yi ba. Kuma ranar da maƙwabci ya ja ka bayan rumbu, ka tambayi kanka me ke ɗaure a gidanka da za ka iya kwancewa. Allah ya ba mu ikon kwance shi.